Furodusa na neman ƙarin kuɗin tirelar fim, in bayar?

Tambaya: Na zuba jari a wani sabon fim, an gama ɗauka, ana kan aikin tacewa. Yanzu furodusa ya dawo yana neman ƙarin kuɗi, wai na tirela (gajeren bidiyon da ke nuna ɗanɗanon fim) da talla. A ganina ai yanko wurare ne daga fim ɗin a harhaɗa. Wannan ma sai an kashe masa kuɗi?

Amsa: Alhaji, sai an kashe. Laifin furodusan naka ɗaya ne: tun ranar da kuka zauna kan kasafi ya kamata kuɗin talla ya shiga ciki, ba yanzu da aljihu ya yi sauƙi ba.

Tirela ita ce abin da mai kallo zai gani kafin ya yanke shawarar sayen tikiti ko ya wuce abinsa. Aikinta ta jefa masa tambaya, ta hana shi amsa. Editan da ya ƙware a wannan ya san inda zai datse magana a bakin jarumi, da inda kiɗa zai ɗauke ɗif kafin sunan fim ya bayyana. Wanda bai ƙware ba kuwa zai kwashe dukkan wurare masu daɗi ya zuba, har da ƙarshen labarin. Wa zai biya ya kalli abin da ya riga ya sani?

Tsayi ma a kula. A Amurka an daɗe ana tsayawa kan minti 2 da rabi, amma a 2014 ƙungiyar masu gidajen sinima ta can ta nemi a rage zuwa minti 2. A waya abin ya fi tsanani: tallar YouTube ana iya tsallake ta bayan daƙiƙa 5, a Facebook kuma bidiyo na iya farawa babu sauti. Don haka kada a buɗe da tambarin kamfani yana juyawa. A buɗe da fuska ko rigima, a sa rubutu a ƙasa, a kuma yanka gajeru na tsaye, daidai da fuskar waya, domin TikTok da Instagram.

Kafin ka saki ko sisi, ka ce ya kawo maka lissafi a rubuce: nawa na edita, nawa na kiɗa, nawa na yaɗawa. Ni dai na fi son kaso mafi tsoka ya tafi ga yaɗawa, domin tirela mai kyau da ke kwance a shafin da ba kowa ba ta sayar da komai. Kiɗan kuma ya zama an mallaki izininsa, in ba haka ba YouTube na iya toshe bidiyon ko ta karkatar da kuɗin talla ga mai waƙar.

Sannan ku rubuta matsayin wannan ƙarin: rance ne da za a fara cire maka daga cinikin farko, ko kasonka ne zai ƙaru? Kuma kada a saki tirelar sai an tsayar da ranar fitowa da inda za a kalla, a rubuta su ɓaro-ɓaro a ƙarshenta.