Amsa kan fim ɗin The Others

Ɗan'uwa, ka tambaya ko The Others na 2001 yana da ban tsoro ko ɓata lokaci ne. In jini da dodanni kake nema, nemi wani.

Ƙarfinsa yana cikin gidan da labarin ke faruwa ne. Nicole Kidman ta fito a uwa mai 'ya'ya biyu a tsibirin Jersey a 1945. Yaran ba sa jure hasken rana, don haka kullum labule a rufe, kuma dokarta ba a buɗe ƙofa sai an kulle ta baya. Ƙarar makullai, fitila a hannu, hazo ya rufe waje. Darakta Alejandro Amenábar, wanda shi ya tsara kiɗan ma, ya san amfanin shiru. Safiyar da aka wayi gari an cire labulayen duka, sai da gabana ya faɗi, alhali ba a nuna komai ba.

Rauninsa tafiyar hawainiya a tsakiya, musamman wurin dawowar mijin matar daga yaƙi. Wanda ya saba da irin waɗannan finafinan kuma zai iya hango ƙarshen tun da wuri. Kada ka kalla a waya da rana, duhun hoton zai cinye maka rabinsa.