Amsa ga Malam kan teletes ɗin da ya ɓace bayan an kawo dikoda

Assalamu alaikum Malam. Na karanta tambayarka sau biyu, inda ka ce tun da aka mayar da kebul ɗin gidanku na dijital aka kawo muku dikoda, Baba yana danna maɓallin teletes, wato shafukan rubutu masu lamba da ake buɗewa a allon talabijin, amma babu abin da ke fitowa, kuma kana son sanin ko an soke shi ne gaba ɗaya a nan Jamus. Wallahi sai na ji kamar labarina kake bayarwa, domin na sha wannan wahalar a shekarar 2018, lokacin da aka kashe tashoshin analog a layinmu.

Ba a soke shi ba. ARD da ZDF, manyan tashoshin talabijin na jama'a a Jamus, suna watsa shi tun 1980, kuma har yanzu yana nan, Jamusawa suna kiransa Videotext. Wataƙila wanda ya ce maka ya mutu labarin Ingila ya ji, domin can BBC ta rufe nata, wato Ceefax, a watan Oktoban 2012 bayan shekara 38 yana aiki.

Ni kunnena na hagu ya yi rauni saboda ƙarar injina a wurin aiki, kuma da rubutun shafi na 150 na ARD da na 777 na ZDF, masu nuna abin da ake faɗa a ƙasan allo, nake bin labarai, da shi ma na koyi rabin Jamusancin da nake ji. Ranar da abin ya ɓace na zauna gaban labaran ƙarfe takwas na dare ina kallon bakin mai karantawa yana motsi, ban kama ko jimla ɗaya ba. Sai da na kira ɗana, yaron da ni na koya wa karatu, ya riƙa faɗa mini abin da aka ce yana duban wayarsa, yana gajarta mini magana don ya samu ya tashi. Ban ga laifinsa ba, yaro ne, amma daren nan ban yi barci da wuri ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ma'aikacin da aka turo. Ya shigo da takalminsa har kan dardumar da muke salla, bai tsaya ya saurari abin da nake nuna masa ba, ya ɗaga murya yana yi mini magana ɗaya bayan ɗaya kamar yana magana da ɗan yaye, ya ce wannan kayan tsofaffi ne, zamaninsa ya wuce, in sayi talabijin mai intanet. Minti goma bai yi ba ya fita, kuma kuɗin zuwansa ya biyo baya a takarda. Na yarda da shi, na cire kuɗin da na tara domin aika wa gida na sayi sabuwar talabijin, na haɗa ta da dikodar nan, na danna maɓalli, shiru. Har yau idan na tuna yadda ya ɗaga kafaɗa yana fita sai in ji ɓacin ran ya dawo sabo. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce, wadda ta haura shekara saba'in, ta warware mini matsalar a tsaye a bakin ƙofa, ta ce rimot ɗin da nake dannawa ne ba daidai ba.

Ga yadda na fahimci abin daga baya. A da, shafukan suna ɓoye ne cikin layukan hoton analog da ido ba ya gani, talabijin ce ke tsamo su da kanta. Yanzu suna zuwa a matsayin bayanai daban tare da hoto da sauti, kuma dikoda ce ke karɓarsu. Tsohuwar wayar SCART mai faɗin kai tana iya miƙa su ga talabijin idan dikodar tana mayar da su cikin hoton, amma wayar HDMI, wato ta zamani da ke haɗa dikoda da talabijin, ba ta ɗaukarsu sam. Saboda haka rimot ɗin talabijin ba zai taɓa buɗe su ba matuƙar ta HDMI hoton ke shiga. Ka ba Baba rimot ɗin dikoda, ka nemi maɓallin da aka rubuta TXT ko TEXT, ka liƙa masa alama a kai, ɗayan rimot ɗin kuma ka ɓoye shi, domin hannun dattijo ya riga ya saba.

Idan kuma talabijin ɗinku an rubuta DVB-C a bayanta ko a takardarta, wato tana iya karɓar kebul na dijital da kanta, ka cire dikodar, ka sa mata wayar kebul da ke fitowa daga bango kai tsaye, ka sake binciken tashoshi. ARD da ZDF a buɗe suke, tashoshi masu zaman kansu ne kawai ke buƙatar kati idan ana son hotonsu mai kyau na HD. Ni haka na yi a ƙarshe, kuma sai na gano tsohuwar talabijin ɗin da na bayar kyauta tana da wannan tun farko.

Kada ka bari a ruɗe ka da maɓallin nan mai launin ja da ke kan rimot, wannan wani tsari ne daban mai buƙatar intanet, kuma rubutunsa da yawan shige-shigensa suna gajiyar da tsoho. Lamba uku ta buɗe shafin teletes Baba ya sani, a bar masa lambobinsa uku. Sannan don Allah ka duba ko kwangilar kebul ɗinku tana nan da ranta, domin tun 1 ga Yulin 2024 aka daina haɗa kuɗin kebul cikin kuɗin haya, kuma na san gidajen da hotonsu ya ɗauke saboda wannan suna ta zargin dikoda. Ka gaida Baba, Allah ya ƙara masa lafiya, kuma ka gwada shafi na 100, wato shafin farko na teletes, tukuna kafin ka kira kowa gidan.