Amsa ga Yarona Kan Kwamfutar da Ta Ƙi Wucewa da Saƙo

Ka tambaye ni abin da ya sa kwamfutar da ka ɗora a matsayin ƙofar fita, wato wadda sauran za su bi ta cikinta su fita waje, take shiga intanet, amma sauran da ke bayanta ba sa buɗe komai, alhali idan sun yi mata ping, wato saƙon gwaji, tana amsawa. Ba zan tsaya bayanin sa adireshi da matse kan waya ba, domin wanda ya shekara a shagona bai iya wannan ba, gara ya koma Farm Centre sayar da caja.

Kwamfuta ba ta ɗaukar kayan wani sai an umarce ta. Fakitin bayani, wato guntun saƙo, da ya iso mata ba da adireshinta ba, zubar da shi take yi, ko da katin sadarwa biyu ne a jikinta. A Linux sai ka mayar da ip_forward, wato saitin tura saƙon wasu gaba, daga 0 zuwa 1, kuma ka rubuta shi a fayil ɗin saiti na sysctl.conf, in ba haka ba ana kashe ta a kunna zai koma sifiri.

Wannan layi guda shi ya cinye mini rabin kuɗin aiki, a zamanin da wuraren shiga intanet suka cika Zoo Road a Kano, ana jawo layi da farantin tauraron ɗan Adam na VSAT. Wani attajiri ya kira ni, na gyara masa tsohuwar kwamfuta, kati ɗaya yana kallon faranti, ɗayan yana kallon kwamfutocin shago, aiki ya tashi sumul. Ya biya rabi, ya ce in dawo ƙarshen wata. Ashe ya kawo ɗan ƙanwarsa, wanda ya goge aikina ya sake ɗorawa don ya koya a bagas, ya kunna turawar da hannu bai adana ba. Ana ɗauke wuta aka tayar da janareto, shago ya mutu. Alhajin ya bi maƙwabta yana cewa aikin algus na yi masa, ya hana ni cikon kuɗina, kuma masu shago biyu da muka riga muka yi ciniki suka janye. Har yau idan na bi ta layin raina yana ɓaci, kuma ban yafe ba.

Irin ɗan ƙanwar nan ne yaran yanzu, ku kwafo umarni daga YouTube ku manna, ba ku tambayi hanyar da amsa za ta bi ta dawo ba. Adiresoshin 192.168 na cikin gida ne, babu rautar (na'urar da ke nema wa saƙo hanya) da za ta kai musu amsa daga waje, saboda haka dole ƙofar ta musanya adireshinsu da nata, wato NAT, wanda ake yi da dokar MASQUERADE a iptables, manhajar tace fakiti ta Linux, kan katin da ke kallon waje.

Ka duba waɗannan biyu, ip_forward da NAT, ka tabbatar kowace kwamfuta ta san adireshin ƙofarta, sannan ka yi traceroute, mai nuna zangon da saƙo ke bi, daga ta can ƙurya. Idan ya tsaya a zangon farko, laifin yana kan ƙofar. Ka kashe ta ka kunna a gabana kafin ka ce mini ka gama.