Oda ta ɗauke, an ce in sake ƙwaƙwalwar sitiyari

TAMBAYA: Malam, salamu alaikum. Ina da Golf 5 ƙirar 2006. Satin da ya wuce aka yi mini gyaran ƙafa, aka kwance sandar sitiyari ta ƙasa. Tun da na baro gareji oda ta ɗauke, fitilar jakar iska (jakar da ke buɗewa ta kare direba in an yi karo) kuma ta ƙi mutuwa. Mai gyaran wuta ya ce ƙwaƙwalwar da ke wuyan sitiyari ce ta ƙone, in kawo jika 45 a nemo ta kwance daga Kano. In biya? (Mai karatu, unguwar Zariya, Maradi)

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Riƙe kuɗinka tukuna.

A bayan sitiyari akwai wata siririyar waya mai faɗi, a naɗe cikin gwangwanin roba kamar tef ɗin tela. Ita ke kai wuta ga oda da jakar iska yayin da sitiyari ke juyawa. Tsawonta ƙididdigagge ne, zagaye kamar 5 daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In aka raba sitiyari da ƙafafu ba a ɗaure shi ba, yaron gareji ya zauna yana murza shi, sai naɗin ya goce daga tsakiya. Kwanar farko da ka sha har ƙarshe, wayar ta tsinke. Na ga haka ya fi a ƙirga. Oda da fitilar jakar iska su lalace rana ɗaya, kuma ranar gyaran ƙafa? Ni wayar nake zargi. Da ƙwaƙwalwa ce, galibi sigina ko abin share gilashi su ma za su nuna, ga shi ba ka ambace su ba.

A sa wa motar kwamfuta a karanta kafin a kwance ko noti ɗaya. A wannan motar wayar daban ake sayar da ita.

In ta tabbata ƙwaƙwalwar ce, lambar da ke jikin tsohuwar ita za ka aika Kano, kada ka ce "ta Golf 5" kawai, don iri-iri ne. Kafin a cire ta a kwafe saitinta, a zuba wa sabuwar, sannan a daidaita na'urar da ke auna juyin sitiyari, in ba haka ba wata fitilar za ta kama.

Wajen aikin, ƙafafu a miƙe, a cire kan batir, a ɗan dakata. Jakar iska a ajiye ta tambari sama, kuma kada wanda ya gwada ta da mita ko kwan fitila, tana iya fashewa a fuskarsa. Kada kuma ka yarda a toshe fitilar ta allo don ta daina damunka. Muddin tana kunne, kada ka sa ran jakar za ta buɗe in ka yi karo a hanyar Ɗan Isa.