Tambaya da Amsa: Ɗaura wa Tsohuwar Boswaja Filtar Mai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Boswaja ƙirar kunkuru mai injin 1600, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975. Makanikena ya ce ba ta da filtar mai sam. Gaskiya ne? In haka ne, ta yaya zan sa mata? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Makanikenka bai yi ƙarya ba. Abin da ke ƙarƙashin injin nan raga ce kawai, a bayan wani faifai mai noti shida. Tana tare manyan tarkace, amma garin ƙarfe da ƙurar da ke cin metal (ƙarafan da sandar injin ke juyawa a kansu) wucewa suke yi abinsu. Shi ya sa ake juye baƙin manta, lita 2.5, duk kilomita 5,000.

Hanyar da muka fi yarda da ita ita ce wadda duk man da famfon mai ya turo sai ya ratsa filta kafin ya shiga injin. Za ka nemi murfin famfo mai kafar fita, da mazaunin filta, da tiyon mai guda biyu masu faɗin rabin inci ta ciki, da kawunan haɗi. Kada a yarda da tiyon ruwa ko na fetur, zafi da ƙarfin mai za su lalata shi.

A fara da famfon. A ciro shi, a yanka wa kafar da yake tura mai zare mai awon 1/4 NPT (wato zaren bututu mai tsini), a ɗaura mata toshi. Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma in an tsallake shi aikin banza aka yi: mai zai bi tsohuwar hanyarsa, filta tana rataye ba ta tace komai ba. Daga nan sai hanyar dawowa. A ɓarin hagu na gangar injin, ta wajen fuli (faifan da ke juya bel), akwai toshin babbar hanyar mai. Shi za a cire, a huda da bakin na'urar huda mai awon inci 37/64, a yanka zaren 3/8 NPT. Muna roƙonka, a yi wannan huda lokacin da aka warware injin, a wanke hanyar sarai. Ɓarɓashi ɗaya da ya maƙale a ciki kai tsaye zai tafi wurin metal. Gangar kuma ta magnesiyam ce, tana da taushi, zaren kuma mai tsini ne. In aka matse da ƙarfin tsiya sai ta tsage. A shafa man like na ruwa, ban da farin tef na masu gyaran famfo, don yana yagewa ya toshe hanya.

Sai haɗa tiyo, kuma a nan ake kashe injin. Wanda ya fito daga murfin famfo zai shiga kafar da aka rubuta IN a mazaunin filta, wanda ya fito daga OUT ya koma gangar injin. Mai yana shiga filta ne ta ƙananan ramukan gefe, ya fita ta babban ramin tsakiya. In aka juya tiyon biyu, robar da ke hana mai komawa baya za ta rufe hanya, injin ya yi ta juyawa a bushe, cikin 'yan mintoci ya buga. A kafa filtar nesa da salansa, a inda dutse daga taya ba zai same ta ba, tiyo kuma kada ya lanƙwashe ko ya goga da ƙarfe.

Kafin a tayar, a cika filtar da mai, a cire fulogai, a yi ta murza ki har jar fitilar mai ta mutu. Sannan a mayar da su, a tayar, a duba yoyo, a kashe, a sake auna mai, don filta da tiyo sun sha nasu rabon.

Tambaya: Na riga na sa wa tawa, amma ran nan da sanyin safiya ina ba ta wuta sai filtar ta kumbura, mai ya watse. Mene ne dalili? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Sannu, Malam. A wannan tsarin filtar tana tsakanin famfo da bawul ɗin da ke rage ƙarfin mai, saboda haka duk ƙarfin famfo a kanta yake sauka. Mai mai kauri, ga sanyin Jos, ga ba da wuta nan take, gwangwani mai laushi ba zai jure ba. Sayi filta mai kaurin jiki irin Fram HP1, ko murfin famfo mai nasa bawul. Duba girman famfon ma. Famfo mai haƙori milimita 26 ya ishe injin da ba a ƙara masa komai ba. Mai milimita 30 yana tura mai fiye da kima, har bawul ya riƙa kauce da shi daga na'urar sanyaya mai, injin ya ɗau zafi. In mai ya yi ɗumi, kimanin psi 10 (ma'aunin ƙarfin mai) ake so ga kowane juyi 1,000 a minti. Da safe kuma a bar ta ta yi silo na 'yan mintoci kafin a taka totur.