Tambaya da Amsa: Ko Lauyan Talakawa Yana da Gurbi a Legas?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai karatun aikin lauya, mazauniyar Agege. Na ji labarin Bryan Stevenson, lauyan nan baƙar fata na Amurka mai kare talakawa da yaƙi da wariyar launin fata, kuma ina sha'awar bin sahunsa. Sai dai mahaifina ya ce a nan dukkanmu baƙar fata ne, don haka gara in nemi aikin kamfani. Mece ce shawararku?

Amsa: Wa'alaikumussalam, 'yata. Stevenson ya kammala karatunsa a jami'ar Harvard a 1985, amma ya zaɓi fursunonin kudancin Amurka, har ya kafa ƙungiyar Equal Justice Initiative a Montgomery ta jihar Alabama a 1989. Shari'ar da ta fito da sunansa ita ce ta Walter McMillian, baƙar fata da aka yanke wa hukuncin kisa bisa shaidar zur, wanda bai shaƙi iskar 'yanci ba sai a 1993. Abin lura shi ne, ba da jawabi ya kuɓutar da shi ba, da bin takardu da shaidu ɗaya bayan ɗaya ya yi.

Mahaifinki ya yi gaskiya game da launin fata, amma wariya a wurinmu ta asali ce, da harshe, da talauci. Ki shiga kotun majistare ki ga ɗan acaba ko ɗan dako daga kasuwar Mile 12 yana tsaye ana karanta masa tuhuma da Turancin da ba ya ji, yana gyaɗa kai saboda tsoro, ba shi da lauya, ba shi da mai tsaya masa beli, daga nan kuma sai gidan yarin Kirikiri ko na Ikoyi. Wannan yana damuna ƙwarai, domin sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi haƙƙin tafinta kyauta, sashe na 42 kuma ya haramta nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko inda ya fito. Mafi yawan waɗanda ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a kawai suke yi, kuma lauya mai jin Hausa a Legas tana iya yi wa irinsu abin da wani ba zai iya ba.

Ƙofofin shiga suna nan: Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, da ofishin lauyoyin gwamnatin Legas masu kare marasa galihu, wanda ya fara aiki a 2000. Kuɗin wannan aiki kaɗan ne, kuma kada ki ɓoye wa mahaifinki hakan. Ki tuna masa cikin ladabi cewa marigayi lauya Gani Fawehinmi a wannan gari ya riƙe ofishinsa yana kuma kare talakawa kyauta, sannan ki roƙe shi ya bar ki ki yi hutunki na gaba kina koyon aiki a ɗaya daga cikin waɗannan ofisoshi biyu.