An haska ni da jan haske an ce ba komai, amma ƙullutun yana nan

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 44, na yaye autana shekara uku ke nan. Wata uku da suka wuce na ji ƙullutu a mamana na hagu, ba ya ciwo, amma da tauri. A wani taron mata nan Kubwa wasu suka zo da na'ura mai jan haske kamar tocila, aka kashe fitila aka haska ni, suka kuma ɗau hoto da kamarar da suka ce tana auna zafin jiki. Suka ce ba inuwa, lafiyata ƙalau, kada ma in yarda a yi mini mamogaram, wato hoton mama na X-ray da ake yi a asibiti, don tururinsa ne ke jawo cutar kansa. Har na sayi maganinsu. To yanzu kaluluwa ta fito mini a hammata, barci ya gagare ni. Na karanta cewa ko a Turai da haske ake dubawa yanzu. Haka ne? Daga wata baiwar Allah, Kubwa, Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki je asibiti a makon nan, kada ki jira ƙarshen wata. Mafi yawan ƙullutun mama ba kansa ba ne, amma mai tauri, marar ciwo, ga kaluluwa, a shekarunki, ba mu barinsa sai mun san sunansa. Abu uku za a yi: likita ya taɓa da hannu, a yi mamogaram da sikanin, sannan a tsakuro ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. Wannan na ƙarshen shi ne mai yanke hukunci.

Abin da kika karanta da ƙanshin gaskiya a ciki, da wannan ƙanshin kuma masu tocilar ke cin kasuwa. Jinin jiki yana shanye jan haske da wanda ke gaba da shi da ido ba ya gani. Kansa kuwa tana tara wa kanta sabbin jijiyoyin jini, don haka inda take zai iya fin duhu. Tun 1929 wani likita a Amurka, Max Cutler, ya gwada haska mama a ɗaki mai duhu. An sake tayar da dabarar a shekarun 1980, aka gwada ta da mamogaram ta sha ƙasa, aka ajiye ta.

Dalilin, kowa ya san shi tun yana yaro. In an ɗauke wuta muka dafe bakin tocila da tafin hannu, hannun yakan yi ja wur, amma wa ya taɓa ganin ƙashinsa? Haske in ya shiga nama warwatsuwa yake yi ta ko'ina. Abin da ya kasa nuna ƙashin yatsa, shi ne zai nuna ƙari kamar ƙwayar gyaɗa can ƙasa kusa da haƙarƙari? Ga shi baƙar fata irin tamu tana shanye wani kaso na hasken tun kafin ya shiga.

Masu bincike na gaskiya suna nan suna ta aiki. Akwai na'urar da ke harba walƙiyar leza, jinin ya ɗan ɗumama ya fitar da sautin da sikanin ke kamawa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irinta a 2021, amma ki lura da aikin da aka ba ta: ƙullutun da aka riga aka gani ake ƙara dubawa, don likita ya yanke ko a kai shi gwajin nama. Ba ta maye gurbin mamogaram ba, ba a kuma yawo da ita a jaka daga biki zuwa biki.

Kamarar zafin ma ta fi ban haushi. Ba ta leƙa ciki ko kaɗan, ɗumin fata take ɗauka. Ki sauko daga motar haya a zafin Abuja na watan Maris, ko kina dab da al'ada, ko rigar mama ta matse ki, launin hoton zai canza. Kansar da ke can ciki kuwa tana iya zama fata ba ta yi ɗumi ba. A 2019 waccan hukumar ta fito ƙarara ta gargaɗi mata cewa kamarar ba madadin mamogaram ba ce.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne kalmar nan da suka faɗa miki, "ba komai". Matar da ba a taɓa dubawa ba, tsoro yakan kawo mana ita. Wadda aka ba takarda mai launin shuɗi da kore aka ce ta wuce, sai ta kwantar da hankali wata takwas, shekara guda. Ina ganinsu a ɗakin duba marasa lafiya: fatar ta koma kamar ɓawon lemu, kan nonon ya shige, wata har ya fashe an naɗe shi da tsumma da garin magani, takardar nan kuma tana linke cikin jaka kamar laya. Sai mijin ya ce, "Likita, ai mun yi gwaji." Me zan ce masa? Ƙididdigar hukumar binciken kansa ta duniya ta 2022 ta nuna mata sama da 32,000 suka kamu da kansar mama a Najeriya, sama da 16,000 suka rasu, kuma mafi yawan masu zuwa asibiti sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu. Duk mai sayar wa mace jinkiri a wannan hali, ya tanadi amsar da zai ba Allah.

Batun tururin mamogaram kuma, wanda za ki samu a gwaji ɗaya bai wuce abin da jiki ke kwasa daga ƙasa da iska cikin kamar mako bakwai ba. Shi ne kuma ke ganin ɗigo-ɗigon farin sinadari da kan bayyana tun ƙari bai kai a ji shi da hannu ba. Haka zancen wai daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi sai ya bazu: tatsuniya ce.

Mu ma da laifinmu. Mace ta zo a ce inji ya lalace, ko a ba ta rana bayan wata biyu, ko ta wuni a layin kati. Wa zai ga laifinta in ta bi masu sallamarta cikin minti biyar da murmushi? Ke dai kada ki karɓi doguwar rana. Ki ce kina da ƙullutu da kaluluwa, a haɗa ki da likitocin tiyata. Ga Asibitin Ƙasa, ga asibitin koyarwa na Gwagwalada, ga cibiyar lafiya ta tarayya da ke Jabi. Ki dakatar da maganin nan, ki tafi da kwalbar mu ga me aka ba ki, ki kuma samu wadda za ta raka ki. Allah Ya sa mu ji alheri.